Na sauke tun ina budurwa, amma Malama ta mai da ni Fatiha

A makarantar matan aure ta unguwarmu a nan Kano, ba a ba sabuwar ɗaliba aji sai an ji bakinta. Ko takardar shaidar sauka kika riƙo, ko haƙorin Makka ne a bakinki, zama za ki yi a gaban malama a ce ki karanta Fatiha. Ni da ƙarfin gwiwata na je, don na sauke a allo tun kafin aurena, aka yanka rago, aka zaga da ni gidajen dangi da allon zayyana. Ba ma gyaran karatu ya kai ni ba. Larabci nake nema, in riƙa jin abin da liman yake karantawa a asham maimakon in tsaya ina lissafin raka'a.

Malamar da ta saurare ni na girme ta nesa ba kusa ba. Ta bari na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Masha Allah. Hajiya, a allo kika yi ko?" Na ce e. Ta ce, "Ai na ji riwayar Warshu a bakinki. Akwai abin da za mu gyara, akwai kuma wanda ba kuskure ba ne, kada ki bari kowa ya ce miki kuskure ne." Daga nan ta rubuta mini aji ɗaya, ta ce in sayo Bagadadi da ɗan madubi.

Asabar zuwa Laraba muke zuwa, daga hantsi zuwa azahar, Alhamis da Juma'a hutu kamar dai tsarin allo. Ginin na Islamiyyar yara ne, su sai yamma suke shiga, don haka bencinan ƙanana ne, masu jiki irina mun gwammace tabarma. Ajin kuwa babu irin wadda babu: amaren da lallensu bai goge ba, zawarawa, wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa daga aikin dare ido jawur, da wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, wadda ba ta taɓa riƙe littafi ba sai da ta aurar da autarta. Kusan rabin ajin da goyo. Kafin malama ta shigo ana cinikin atamfa da turaren wuta, ana karɓar adashi, wanda ni ban ga laifinsa ba, don wasu adashin ne ke hana su fashi.

Abin da ya fara rikita ni shi ne baƙaƙen kansu. Ni ambaki na sani, da hakuri, da takuri, da kaulasan, da sodi da lodi. Nan kuwa ainun ne, ha'un, kafun, sadun, dadun. Rubutun ma ya sauya. A Alƙur'anin da na tashi da shi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun Madina da ake karatu da shi a makarantar, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Sai ido ya ga fa, baki ya tafi ƙaf. Iya da ba ta san komai ba tun farko ba ta sha wannan wahalar ba, abin da aka nuna mata shi ta kama.

Sai maharijul huruf, wato mafitar kowane harafi. Malama ta zana kan mutum a allon bango, ta ce mafita goma sha bakwai ce bisa lissafin Ibnul Jazari, a gurare biyar: cikin baki da maƙogwaro inda iska ke wucewa, maƙogwaron kansa, harshe, leɓɓa, da karan hanci. Ta koya mana dabarar gane mafita: ki ɗaure harafin, ki sa hamza a gabansa, ki ce ab, aj, aƙ, inda sautin ya tsaya nan ne gidansa. Maƙogwaro kaɗai haruffa shida yake fitarwa, biyu can ƙasa, biyu a tsakiya, biyu a sama. Mu kuwa duk mun tattara su mun mai da su a, ha da ga. Ha uku ce a Larabci a kunnen Bahaushe, kowacce da gidanta, mu guda ɗaya muke yi musu.

Ranar da aka zo haruffan da ake fito da kan harshe ya taɓa bakin haƙoran sama, ajin ya kaure da dariya. Manyan mata, wasu da surukai, an ce kowa ta kalli madubi ta zaro harshe. Kunya ta hana wasu, suna rufe baki da gefen hijabi, Malama tana cewa, "Ku sauke hannu, bakin nake son gani." Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, haƙoran da kike cewa a taɓa ai sun riga ni tafiya." Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kawo mata hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana in'ina, yana shan wuya, lada biyu gare shi. Iya ta ce to ita kam ta gode, a bar ta da biyun.

Fa ma da nake ganin ba ta da matsala, ashe da leɓe biyu muke hura ta, alhali ta Larabci sai haƙoran sama sun sauka a cikin leɓen ƙasa. Amma babu wanda ya ba mu wuya kamar lodi. Mun tashi muna cewa walal lallina, kuma ba mu muka fara ba, haka kakanni suka mai da harafin a alwala da alƙali da farilla. Gefen harshe ake so ya jingina da turamen sama, sautin ya cika baki ya ɗan ja. Da aka hana mu la, sai wasu suka koma da, wasu za, wata ma ta ƙirƙiro wani sauti da babu shi a kowane yare. Ni sai da na yi watanni ina yi a kicin, ina tuƙa tuwo ina walad dallin, har maigidan ya leƙo ya ce, "Lafiya dai ko?"

Ba a bar mu mun wuce Fatiha da wuri ba, kuma Malama ta faɗi dalili: babu raka'ar da ke tsayuwa ba tare da ita ba. Ta sa muka ƙirga shaddodinta, goma sha ɗaya in ba a sa bisimilla ba, ta ce kowacce harafi ce, wadda ta sake ta ta yar da harafi. Ta raba mana kuskure gida biyu. Akwai lahanul jaliyyi, na fili, kamar canza harafi ko wasali, wanda kan iya juya ma'ana: ƙalbu zuciya ce, kalbu kare, alim da ainun masani ne, da hamza mai raɗaɗi. Akwai kuma lahanul hafiyyi, ɓoyayye, kamar rage gunna, wato sautin hanci, ko taƙaita ja, wanda sai masu fannin ke kamawa. Ta ce na farkon shi ne na gaggawa. Wannan rabon ya kwantar wa da yawa hankali, don akwai wadda ta fara kuka tana tambayar ko sallolinta na shekara talatin sun tashi a banza. Malama ta ce mata, "Yaya, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba alhali yana ƙoƙari. Yanzu da kika sani ne aikin ya hau kanki."

Inda na fi jinjina wa wannan malama shi ne maganar Warshu da Hafsu, riwayoyi biyu na karatun Alƙur'ani, don na ga makarantun da ake kwaɓa ta. Wata rana wata amarya ta kwaikwayi karatun gardawa tana dariya, tana cewa walluhe, yuminuna, wai karatun 'yan gargajiya. Raina ya ɓaci, domin mahaifina alaramma ne, da ka ya rubuta Alƙur'ani, kuma haka yake karantawa. Kafin in buɗe baki Malama ta tsayar da darasi. Ta ce Warshu almajirin Imamu Nafi'u ne, makarancin Madina wanda ya rasu a shekara ta 169 bayan hijira, Hafsu kuma ya karɓa daga Imamu Asim na Kufa, kuma duka biyun ingantattu ne, sarƙarsu tana tuƙewa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda ya ce maliki yaumid din ba tare da ja ba, Warshu ya karanta. Wanda ya ce yuminuna babu hamza, ko ƙadaflaha a haɗe, ko ya karkatar da wasali ya yi yamala, duk ƙa'idar riwayarsa ya bi. Ta ce ita kanta ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga mus'hafin Warshu, Shaihu Husari na Masar ma ya yi rikodin ɗinsa. Abin gyara a bakin ɗan allo shi ne inda Hausa ta shiga ta danne harafi, kamar mai da sa uku guda ɗaya, ba riwayar ba.

Ni a ganina wannan bayani ya kamata ya zama darasin farko a kowace Islamiyya. Yara da yawa suna komawa gida suna raina karatun iyayensu, su kuma iyayen suna ɗaukar tajwidi wani sabon abu da aka shigo da shi don a ƙasƙanta su, alhali da an bambance musu riwaya da lahani da rigimar ba ta kai haka ba. Abin da Malama ta hana ni shi ne gauraya. Ta ce in zaɓi ɗaya in kammala. Na ɗauki Hafsu saboda ita yarana ke yi, ita ce kuma a mus'hafan da ke hannun kowa yanzu, amma har yau in ina tilawa ni kaɗai da daddare bakina kan zame ya koma gida.

A aji biyu aka ba mu Tuhfatul Aɗfal ta Shaihu Sulaimanul Jamzuri, baiti sittin da ɗaya, muna rera ta baki ɗaya har masu wucewa a layi suna jiyo mu. Sunan littafin kyauta ce ga yara, ga mu nan iyayen yara muna fama. A nan muka shiga hukuncin nunun mai ɗauri da tanwini: izhari, wato bayyanawa, a gaban haruffan maƙogwaro shida, idgami, wato shigarwa, a haruffan yarmaluna, iƙlabi, wato juyawa, a gaban ba kaɗai, ragowar goma sha biyar kuma ihfa'i, wato ɓoyewa. Sai ƙalƙala a haruffan ƙuɗbu jaddin, sai madda, na ɗabi'a haraka biyu, lazimi shida, muna lanƙwasa yatsu muna ƙirgawa. Wannan ɓangaren bai yi mini wuya ba, hadda ce, ɗan allo kuwa ba a gaya masa hadda.

Sai dai a nan na gane cewa sanin ƙa'ida daban, karatu daban. Ma'aikaciyar jinyar nan takan cinye jarrabawar takarda kaf, ta jero miki kalmomi huɗun da ba a yi musu idgami, dunya, bunyan, sinwan, ƙinwan, amma in ta buɗe mus'hafi gunnarta ba ta fita ta hanci. Iya kuwa ba ta iya ba ki ta'arifin ihfa'i ko za a ba ta kujerar Makka, amma in Malama ta karanta aya sau biyu, sai ta mayar da ita daidai, ban da haruffan haƙora. Mun sayi mus'hafi mai launi, inda aka yi wa kowane hukunci kalarsa. Mun cika wayoyinmu da karatun Husari na koyarwa, da na Minshawi wanda yaro ke maimaitawa a bayansa. Muna da zaure a WhatsApp inda kowa ke tura karatunta da murya, Malama ta saurara cikin dare ta mayar da gyara. Duk sun taimaka. Amma ta dage cewa Alƙur'ani baki da baki ake karɓarsa, kuma ta nuna mana hujja a Suratu Yusuf, aya ta 11, a kalmar la ta'amanna: ana tsuke leɓɓa a nuna rufu'a ba tare da an furta ta ba, abin da ake kira ishmami. Ido ne ke ganinsa, kunne ba ya ji. Ko shekara nawa kika yi kina sauraron waya ba za ki san ana yi ba.

Allona ma ya yi mini rana. Hafsu wuri ɗaya tak yake yin imala, wato yamala, a duk Alƙur'ani, a majreha ta Suratu Hud, aya ta 41. 'Yan ajin suka yi ta fama, wasu majraha, wasu majriha. Ni da aka yaye ni da yamala, karo ɗaya na faɗe ta, Malama ta ce kowa ta juyo ta kalli bakin Hajiya. Amaryar nan ma ta kalla.

Larabcin da ya kawo ni kwana biyu kawai yake samu a mako. Da littafin Madina na Dakta Abdurrahim, malamin nan ɗan Indiya, aka fara mana: haza baitun, haza masjidun. Farkonsa daɗi, don kalmomi da yawa 'yan gida ne, ga shi kuma Hausa ta riga ta raba kai da ke, shi da ita, saboda haka anta da anti ba su ba mu mamaki ba. Wuyar ta fara ne daga musanna, inda abu biyu ke da sigarsa daban da jam'i, sai ƙidaya daga uku zuwa goma, inda namiji ke ɗaukar alamar mace, mace ta yar da ita. Wata ta ce, "Malama, wannan kuma wa ya haɗa musu?" Sarfu muna rera shi ne, sigogi goma sha huɗu, fa'ala, fa'alaa, fa'alu, har zuwa fa'altu, fa'alna. A wannan rerawar ne na fahimci abin da aka gaya mana tun aji ɗaya, cewa an'amta Kai ka yi ni'ima, an'amtu kuwa ni na yi. Da an ce kuskure ne na yarda kawai, yanzu kuwa in na ji yaro ya faɗa sai gabana ya faɗi.

Amma in faɗi gaskiya, ɓangaren Larabcin bai kai na tajwidi ƙarfi ba, kuma na ji haka yake a makarantu da yawa irin tamu. Ana koyar da shi da Hausa daga farko har ƙarshe. Mun haddace Ajuruma, littafin nahawu, muna iya cewa fa'ilun marfu'un wa alamatu raf'ihi, amma a ce wata ta tashi ta faɗi abin da ta dafa jiya da Larabci, sai kowa ta sunkuyar da kai. Mun roƙa a ware ko rabin awa da ba za a yi Hausa ba, aka fara, bai yi nisa ba ya mutu, don ita kanta mai koyarwar a littafi ta koya. Abin da na samu dai shi ne na fahimta. A ashamin bara, da liman ya shiga ƙissar Annabi Musa da Fir'auna, na bi shi tiryan-tiryan, na san wa ke magana, wa ake ba amsa, ko da wasu kalmomin sun wuce ni.

Abin da ke cinye makarantar matan aure fashi ne. Haihuwa ta ɗauke mace har ta yi arba'in, ta dawo an wuce ta. Biki, suna, rasuwa, jinyar yaro, baƙi daga ƙauye. Wadda mijinta ya rasu sai bayan wata huɗu da kwana goma. Batun al'ada ma da farko yana hana wasu zuwa, sai da Malama ta bayyana cewa a mazhabar Malikiyya mai haila tana iya karatu, kuma an yi wa mai koyo da mai koyarwa rangwamen taɓa mus'hafi, duk da akwai malaman da suka tsananta. Sai mazaje. Nawa bai hana ni ba, sharaɗinsa kawai kada ya dawo ya tarar babu abinci. Wasu kuwa sai ranar da aka ga dama. Akwai wanda shugabar makaranta ta aika wa da saƙo ta bakin limamin unguwa, aka tuna masa cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a Nurul Albabi, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta riƙa naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata 'yan taru. Ya bar ta ta dawo, amma ya ce ban da Asabar.

Wata matsalar kuma ba a faɗinta a fili. Mace ta gyara bakinta, ta dawo gida, maigida ya ja su sallah, ta ji yana zazzaga zal da za'un duk a za. Wata ta kawo ƙara a aji. Malama ta ce, "Kul, kada ki gyara masa a gaban yara. Ki ce ya riƙe miki mus'hafi ya ji haddarki, kunnensa zai yi masa aikin." Ni tawa ta zo ta wata fuskar, 'yata ta aji biyar ce ke zama ta ji nawa, tana cewa, "Umma, ƙalƙalarki ta yi yawa, kamar kina sa fataha."

Da muka kai Nasi daga Baƙara aka sa ranar walima. Aka fitar da anko, aka yi rigima a kan kuɗinsa har wasu suka yi fushi, aka kama kujeru da rumfa, aka gayyato mai wa'azi, kowacce ta karanta 'yan ayoyi a lasifika. Iya ce ta karanta Fatiha, jikokinta suka cika layin gaba. Bayan walimar fiye da rabin ajin ba su sake dawowa ba, sun karɓi shahada an rataye a falo.

Mu da muka rage an buɗe mana Jazariyya, ana shiga siffofin haruffa ɗaya bayan ɗaya, hamsi da jahari, isti'ila'i da istifali, da inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Masu ƙuruciya a cikinmu suna harin musabaƙa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shirya ta ƙasa tun 1986, kuma akwai ɓangaren mata. Ni ijaza nake so, in karanta Alƙur'ani duka a gaban mai sanadi ta ba ni izini. Mace ɗaya ce ke da ita a makarantar, ga ta da tsohon ciki, ga mu da yawa, don haka layi ake bi, kowacce sumuni ɗaya a zama, in an sami gyara fiye da kima a maimaita shi a zama na gaba. Ina cikin Ali Imrana yanzu. An ce in ta haihu ƙanwar mijinta da ta yi karatu a Sudan za ta riƙe mu kafin ta yi arba'in, amma ita da yamma kawai take da lokaci, kuma da yamma yara ne a cikin azuzuwan.